Almakashi Goma Sha Bakwai

A ƙauyenmu na bakin tafkin Winnipeg
bara dusar ƙanƙara ta sauka bisa zauren taro,
ta kwana, ta ƙara kwana,
har rufin ya gaji ya durƙusa kan kujeru.
Bana muka ce a yi masa doro a waje,
a ba shi sarari a ciki.

Da asuba mota ta sauke su kan ciyawa:
rafta goma sha bakwai, ƙirar almakashi,
kowace ƙafafunta sun gitta juna a ƙirji,
tana ƙamshin ɗanyen katako da ƙaro.
Na bi saman bango da tef da fensir,
taku biyu, alama, taku biyu, alama.
Sanyi ya cije min yatsu, na cije leɓe.

Mahaifina Kjartan na ƙasa kan kujerar roba,
bargo a gwiwa, kofin shayi na rawa a hannunsa.
Shekara arba'in yana hawa bango.
Yau sai idonsa ke hawa.

Orysia ta ja linzamin injin ɗaga kaya,
ta farko ta tashi tana lilo,
nauyinta duk a ka, kamar mai girman kai,
kaɗan take jira ta kife.
Muka tarye ta da igiya biyu, ni da Rémi,
muka tokare ta da sanduna har ƙasa,
don ta farko ba ta da 'yar'uwar jingina.

"Signy!" in ji tsoho, muryar ta fi jikin ƙarfi.
"Ƙafa ɗaya ki kafe da ƙusa.
Ɗayar ki bar mata hanya.
In kwano ya hau, in dusa ta hau kan kwano,
almakashi buɗewa zai yi.
Kin ɗaure duka biyu, bango zai biya bashin."

Na sani, Baba. Kai ka koya min.
Amma ban faɗa ba.
Na bar shi ya sake koya min.

Ta biyu, ta uku, ta shida.
Guduma na amsa guduma,
kowace sabuwa mu ɗinke ta da ta baya
da katako a karkace.

A ta tara iska ta taso daga tafki
ba sallama.
Raftar ta juya a sama, ta nufo ni da kafaɗa.
Na ji igiya na cin tafina ta cikin safar hannu,
Rémi na zagi da Faransanci,
Orysia ta tsai da injin cak.
Takwas ɗin da ke tsaye suka yi ƙara tare,
ƙara ɗaya, doguwa,
suka tsaya.

Da na duba ƙasa, kofin na kwance a ciyawa,
tsoho na tsaye, ba sanda,
hannayensa biyu a sama suna riƙe da iska.

Kafin la'asar ta sha bakwai ta zauna.
Na sauko, ƙafafuna ba nawa ba.
Muka shiga zauren da ba shi da rufi tukuna,
muka ɗaga kai:
sama a yanke, ƙyalle-ƙyalle, shuɗi da toka.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Valdis ba ta taɓa barin almakashi a buɗe ba.
In ta gama ɗinki sai ta rufe, ta sa a aljihun tebur."
Shekara uku ke nan bai ambaci sunan uwata ba.

Na ce, "Waɗannan dai a buɗe za su kwana."

Ya matsa jikin bangon gabas,
ya miƙa wuya yana neman ƙafar da na sake.
"Nawa kika bar mata?"
Na nuna masa faɗin ɗan yatsa.
Ya gyaɗa kai.
"Gobe ki zo da wuri. An ce ruwa na tafe ran Alhamis."